An ce HMO bai amince da maganin asmar 'yata ba: ta ina zan fara?

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ina cikin inshorar lafiya ta NHIA, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, ni da iyalina. 'Yata mai shekara 14 tana da asma, kuma bara sau biyu ana ba ta gado a lokacin hunturu. Likita ya rubuta mata Seretide da za ta riƙa shaƙa kullum, ya kuma ce a kai ta wajen likitan ƙirji a yi mata gwajin huhu. Da na je teburin inshora na asibitin sai aka ce mini HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorarmu, bai amince ba, Ventolin kawai za a iya ba mu. Wata uku ke nan ina sayen maganin da kuɗina, abin ya fara fin ƙarfina. Ina da hakkin ja da su? Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Kana da hakkin ja da su, kuma irin wannan ƙorafi ana cin nasara a kansa. Amma bisa abin da ka rubuto, har yanzu ba ka riƙe da wani abin da za ka ja da shi. Magana ce kawai aka gaya maka da baki ta taga. Ba ka san wanda ya ƙi ba, ba ka san ranar da ya ƙi ba, ba ka san dalilinsa ba, hasali ma ba ka da tabbacin an taɓa tura buƙatar zuwa kamfanin. Aikinka na farko shi ne mayar da wannan magana ta baki zuwa rubutu, domin duk ofishin da za ka je nan gaba abin da zai fara tambayarka ke nan.

Kafin wannan, abu ɗaya da ba ya jira: kada yarinyar ta daina shaƙar maganin kullum saboda ana taƙaddama. Idan kuɗin Seretide ya gagara a wannan watan, ka koma wajen likitan ka gaya masa gaskiya, ya sauya mata da wani mai rahusa da ke ɗauke da irin sinadarin rigakafin. Akwai beclometasone, akwai budesonide, akwai kuma haɗin fluticasone da salmeterol na wasu kamfanonin, wanda shi ne ainihin abin da ke cikin Seretide. Mai rahusa da ake shaƙa kullum ya fi mai tsada da ake shaƙa rana ɗaya a tsallake uku don ya kai ƙarshen wata.

Yanzu ga yadda kuɗin ke tafiya, don sai ka fahimci wannan za ka gane wanda ya kamata ka tunkara. A tsarin ma'aikatan tarayya, asibitin da ka zaɓa a matsayin na farko ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ke cikin rajistarsa, ko ya zo ko bai zo ba. Shekaru da yawa kuɗin nan naira 750 ne a kan kowane kai, daga baya aka yi ta ɗaga shi har ya kai naira 1,450 a 2025. Ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, wato iyakar waɗanda tsarin ke ɗauka, suna kawo wa asibiti naira 8,700 ke nan a wata. Daga cikin wannan kuɗi asibitin zai duba ku, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba da magungunan matakin farko. Kamar kuɗin cefane ne da aka danƙa wa mutum na wata guda aka ce abin da ya yi saura nasa ne: duk abin da ya saya mai tsada daga rabonsa ya fita. Inhela guda na Seretide ya fi abin da gidanka gaba ɗaya ke kawowa a wata tsada, musamman tun da kamfanin GSK mai yin sa da Ventolin ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, ga kuma faɗuwar darajar naira a daidai lokacin. To ka ga asibiti yana da dalilin kansa na ƙin ba da shi, kuma ya fi masa sauƙi ya jingina laifin ga kamfanin da ba ya wurin.

Mataki na biyu daban yake. Ganin ƙwararren likita, da gwajin huhu, da abin da ƙwararren ya rubuta, ba daga wancan kuɗin na wata-wata suke fita ba. Asibitin farko ne zai rubuta takardar turawa, ya nemi lambar amincewa daga HMO, wadda ma'aikatan ke kira kod, sannan asibitin da ya yi aikin ya aika wa HMO lissafinsa a biya shi bisa farashin da NHIA ta tsara. A nan ne kawai HMO ke da ta cewa kai tsaye.

Saboda haka "HMO bai amince ba" na iya nufin asibiti bai tura buƙatar ba tun farko. Yana iya nufin an tura an yi shiru, ma'aikacin teburin kuma bai bi sawu ba. Yana iya nufin an ƙi da gaske, saboda takardar da aka tura ba ta nuna dalilin turawar ba, ko saboda sunan kamfani aka rubuta maimakon sunan sinadari. Wani lokaci kuma matsalar ba ta da alaƙa da asma sam: sunan yarinyar ya ɓace daga rajistar watan, ko an rubuta ranar haihuwarta ba daidai ba har kwamfuta ta ɗauka ta wuce shekara 18. A abin da nake gani a wurin aiki, na farko da na biyu sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Ka koma teburin da safe, kafin layi ya yi tsawo, da katin inshorarka da takardar likita. Ka yi sallama, ka gaisa, ka zauna. Kada ka shiga da faɗa, domin wanda ke bayan teburin sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne da aka ba umarni, kuma shi za ka ci gaba da buƙata shekara da shekaru. Ka ce masa: "Don Allah ina so ka nuna mini ranar da aka tura buƙatar 'yata, da amsar da kamfanin ya bayar." Yawanci ta manhaja ko imel ko WhatsApp suke turawa, saboda haka akwai sawu. Idan ya nuna maka, ka roƙi izinin ɗaukar hoton amsar. Idan ya fara kame-kame, ka ciro waya a gabansa ka kira lambar HMO ɗinka, ka sa ta a lasifika, ka ba su lambar rajistarka, ka tambaya ko akwai wata buƙata da aka shigar da sunan yarinyar cikin wata ukun nan. Ka rubuta sunan wanda ya amsa maka da lokacin kiran. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa: kamfanin ya ce bai ga komai ba, a tura a gabanka, kod ya fito kafin ka tashi daga kujera.

Akwai umarnin da ya kamata ka sani a kan wannan. Daga 1 ga Afrilu 2025, NHIA ta wajabta wa kamfanonin HMO su amsa buƙatar kod cikin awa ɗaya. Idan za su ƙi, su faɗa cikin wannan awar tare da dalili. Idan awar ta wuce ba amsa, asibiti ya ci gaba da aikin ya sanar da hukumar. A lamarin gaggawa kuwa ba a jiran kod kafin a fara magani, daga baya ake nemansa cikin awa 48. Ban ce ko'ina ake bin wannan umarni ba, amma mutumin da ya ambace shi da kwanan watansa ana yi masa wani kallo daban. Haka nan sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, kuma akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Tashin asma mai tsanani gaggawa ce, ba gardama. Idan ka kai ta da dare numfashi ya sarƙe, babu wanda ke da ikon ce maka a jira kamfani ya buɗe da safe.

Shawarata ita ce ka fara yaƙin a kan takardar turawa, ba a kan inhela ba. Mutane kan yi akasin haka, domin inhelan ne ke cin kuɗinsu. Amma idan yarinyar ta shiga hannun likitan ƙirji, ko likitan yara mai kula da cututtukan numfashi, a ƙarƙashin kod, maganin da ya rubuta ya zama na mataki na biyu, lissafinsa ya koma kan HMO, asibitin farko ya fita daga ciki tare da dalilinsa na ƙi. Kuma rubutun ƙwararre da sakamakon gwaji a maƙale da shi yana da wuyar turewa.

Idan kuwa kamfanin ya ƙi da gaske, to abin da zai juya maganar shi ne wasiƙar likita, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan yawancin ƙorafe-ƙorafe ke mutuwa. A kowane HMO akwai likita ko nas da ke tace buƙatu. Abin da yake gani a gabansa sau da yawa layi ɗaya ne: asma, a tura wa ƙwararre. Daga wannan layin ba zai san cewa an ba ta gado sau biyu ba. A wurinsa asma cuta ce da asibitin farko ya kamata ya iya da ita, kuma a mafi yawan lokuta yana da gaskiya. Dole takardar ta nuna masa abin da ya sa wannan yarinyar ta fita daban.

Ka roƙi likitan ya rubuta shafi ɗaya, a takarda mai tambarin asibiti, da sa hannu da hatimi. Ya faɗi shekarar da aka gano cutar. Ya kawo ranakun da aka kwantar da ita da adadin kwanakin da ta yi, da ko an sa mata iskar oksijin. Ya faɗi sau nawa aka kai ta aka yi mata nebulaiza, wato shaƙar tururin magani ta na'ura, cikin wata 12, da sau nawa aka ba ta ƙwayar prednisolone, wato sitiroyid na haɗiya. Ya faɗi dare nawa a mako tari ko toshewar ƙirji ke tashinta daga barci, da gwangwanin Ventolin nawa ta ƙarar a shekara. Wannan na ƙarshe hujja ce mai ƙarfi da mutane ba sa lura da ita. Gwangwani ɗaya shaƙa 200 ne. Ƙa'idojin GINA, wato kwamitin duniya da likitoci ke bin jagorarsa a kan asma, sun nuna cewa mai ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin ƙarin haɗarin tashin cutar mai tsanani, mai ƙarar da 12 kuwa, wato ɗaya duk wata, haɗarin ya kai ga rasa rai. Idan kana da tsofaffin gwangwanayen a gida kada ka zubar, ka jera su ka ɗauki hoto.

Sannan likitan ya rubuta dalilin da ya sa Ventolin kaɗai ba magani ba ne. Asma kumburi ne a cikin hanyoyin iska na huhu, kumburin da ke nan ko da yarinyar tana wasa lafiya lau. Ventolin, wanda sinadarinsa salbutamol ne, yana sassauta tsokar da ta shaƙe hanyar ne na 'yan awanni, ba ya taɓa kumburin. Mai kwantar da kumburin shi ne sitiroyid na shaƙa. Tun 2019 GINA ta daina amincewa da a bar babba ko matashi a kan salbutamol kaɗai, ko da asmarsa mai sauƙi ce, balle wadda aka kwantar sau biyu. Magungunan nan kuma ba na alfarma ba ne: beclometasone da budesonide da haɗin budesonide da formoterol duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma a duniya, ta kashe 455,000, kuma mafi yawan mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne, inda maganin rigakafin ke wuyar samu. Jimla ta ƙarshe a wasiƙar ta zama ta lissafi, don ita ce kamfani ya fi ji: kwanciya ɗaya a asibiti da oksijin da nebulaiza HMO ne zai biya ta, kuma rigakafin ne ke hana ta.

Kai ma akwai hujjar da za ka iya haɗawa a gida. Akwai ƙaramin bututun roba mai ma'auni a jikinsa da ake hurawa da ƙarfi, yana auna saurin iskar da ke fita daga huhu, ana samunsa a manyan shagunan magani. Ta tsaya a tsaye, ta cika ƙirji, ta rufe leɓe a bakinsa ta hura gaba ɗaya, sau uku, a rubuta mafi girma. Da asuba kafin ta shaƙi komai, da kuma bayan magariba, har mako biyu. Ka ja layi a littafin makaranta: kwanan wata, lambar safe, lambar yamma, sau nawa ta ɗauki Ventolin, ta farka da dare ko ba ta farka ba, ta je makaranta ko ba ta je ba. Lambobin da ke hawa da sauka sosai tsakanin safe da yamma alama ce ta asmar da ba a shawo kanta ba. Shafi biyun nan na rubutun hannu sun fi dogon bayani tasiri, kuma likitan ƙirjin ma zai gode maka. Gwajin da shi zai yi a asibiti, wato sifairometiri, na'ura ce da ake hurawa kafin a shaƙi salbutamol da bayan an shaƙa da kamar minti 15, a ga nawa huhun ya buɗe. Shi ke taimakawa wajen tabbatar da cewa asma ce ba wani abu ba.

Da waɗannan a hannu sai ka rubuta wa HMO. Da Turanci ake rubutawa, gajeriya, ba zagi ba roƙo. Sunanka da lambar rajista da ma'aikatarka, sunan yarinyar, abin da likita ya nema da ranar, abin da aka amsa da ranar, sannan abin da kake so ƙarara: a ba da kod na ganin ƙwararre da gwajin huhu, a ba da maganin rigakafi duk wata, a mayar maka da kuɗin da ka kashe. Ka ba su wa'adi, mako ɗaya ya isa, ka rubuta a ƙasa cewa ka aika kwafi ga ofishin NHIA na jiharka da shugaban asibitin. Ka kai da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, sannan ka tura ta imel. Ainihin takardun su zauna a gida, kwafi kawai ke fita. Idan ka bincika intanet za ka ci karo da shawarwari da yawa masu maganar kwana 180 na ɗaukaka ƙara da alƙalai masu zaman kansu da ke sake duba hukuncin kamfani. Wannan tsarin Amurka ne, kada ka kafa hujja da shi a nan.

Wa'adi ya cika ba amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, sai ofishin NHIA. Ita ce hukumar da dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar NHIS, ita ke ba kamfanonin HMO da asibitoci izinin shiga tsarin, ita kuma ke da ikon hukunta su. Tana da ofis a jihohi, kuma karɓar ƙorafi na cikin aikinta. Ta sha yi wa kamfanoni da asibitoci gargaɗi, ta dakatar da wasu, ta sa an mayar wa mutane kuɗinsu. Ka je da kanka da fayil ɗinka, ka nemi a ba ka lambar ƙorafi da sunan jami'in da ke riƙe da shi, ka koma bayan mako guda ko ba a kira ka ba. Kada ka manta da jami'in da ke kula da inshora a ma'aikatarku, da kuma ƙungiyar ƙwadago. Kamfanin da ke riƙe da ɗaruruwan ma'aikatan wuri ɗaya ba ya son ƙorafi ya taru a kansa a can. Bayan waɗannan akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da hukumar kare hakkin masu saye ta FCCPC, duka ba a biyan kuɗi. Kotu ban ba ka shawararta ba a wannan mataki. Dokar kanta ta ce a fara kai saɓani gaban hukumar don sulhu, kuma kuɗin lauya zai saya wa yarinyar maganin shekara.

Ga masu karatu da ba a tsarin tarayya suke ba: ma'aikacin jiha hukumar jiharsa zai nufa, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, kuma kowace da nata jerin abin da take biya. Wanda kamfaninsa ya saya masa inshora, ko ya saya da kansa, ya nemi takardar yarjejeniyar ya karanta sashen cututtuka masu daɗewa. Wasu tsare-tsaren suna sa lokacin jira kafin su fara biyan irin waɗannan, wasu suna da iyakar kuɗin magani a shekara, wasu masu rahusa sun cire su gaba ɗaya. Idan a rubuce yake an cire, ƙorafi ba zai canja shi ba, sai dai a sauya tsari lokacin sabuntawa. Amma ko a nan maganin gaggawa yana nan daram.

Sai in faɗa maka inda nake ganin ba za ka yi nasara ba, don kada ka ɓata ƙarfinka. Idan ka dage sai Seretide da sunansa, za ka sha ƙasa, kuma a ganina da gaskiyarsu. Tsarin NHIA da sunan sinadari yake aiki, yana da jerin magungunansa da farashinsu. Ka nemi mai harhaɗa magani na asibitin ya buɗe maka jerin ya nuna maka magungunan rigakafin asma da ke ciki, sannan ka kai wa likita ya zaɓa daga nan, ya rubuta sunan sinadari da ƙarfinsa. Matuƙar yana da lambar NAFDAC kuma daga amintaccen wuri ya fito, aikinsu ɗaya. Wataƙila ma likitan ƙirjin ya mayar da ita kan haɗin budesonide da formoterol, wanda a shekarunta ana iya amfani da shi a matsayin na kullum da na lokacin tashin ciwo duka a inhela guda. Seretide ba a yin haka da shi, domin salmeterol ba ya saurin aiki. Na'urar nebulaiza ta gida ma ban ga amfanin yin rigima a kanta ba. Inhela da aka haɗa da bututun tazara, wanda ake kira sifesa, yana yin aikin da take yi a mafi yawan lokuta. Abin da za ka ƙi karɓa shi ne a maye gurbin na shaƙa da ƙwayar salbutamol ko ta ruwa, ko a ɗora ta kan prednisolone wata da watanni don yana da arha. Na farko yana sa rawar jiki da bugun zuciya ba tare da rigakafi ba, na biyu kuma idan ya daɗe yana taɓa ƙashi da girma da sukari.

Mai tace buƙatu zai iya tambaya ko tana shaƙar maganin daidai, kuma tambaya ce mai kyau. Yara da yawa da ake cewa magani ya ƙi su, a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Ka sa ta shaƙa a gaban likita ko mai harhaɗa magani su gani: ta girgiza, ta fitar da numfashi, ta danna sau ɗaya tana ja a hankali, ta riƙe kamar daƙiƙa goma, ta kurkure baki bayan na rigakafin. A rubuta a wasiƙar cewa an duba an gyara. A kuma rubuta cewa an rage abin da ke tayar mata a gida. Turaren wuta a ɗakin da take kwana, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin icce da na janareta, share tsakar gida ba a yayyafa ruwa ba, duk suna ciki. Na san raba uwar gida da kaskon turare ba ƙaramin aiki ba ne, amma a ƙalla a fitar da shi daga ɗakin yarinyar.

Yayin da ake wannan zirga-zirga, ku san alamun da ba a jira da su: ta kasa ƙarasa jimla ba tare da ta tsaya jan numfashi ba, fatar tsakanin haƙarƙari ko ramin wuya yana lotsawa, leɓe ko harshe ya sauya launi, ta fara gyangyaɗi ko ruɗewa, ko Ventolin ya daina yi mata aiki. A zaunar da ita a miƙe, kada a kwantar, a ba ta Ventolin ta sifesa shaƙa huɗu zuwa goma, ɗaya bayan ɗaya, a maimaita bayan minti 20 ana kan hanya, a nufi asibiti mafi kusa ko ba shi ne na rajistarku ba.

Batun mayar da kuɗi ya dogara da takarda. A tsarinku kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai ya kamata ka biya. Duk lokacin da aka ce maka babu, ka sa mai ba da maganin ya rubuta hakan a jikin takardar likita, su kan rubuta O/S, ya sa kwanan wata da hatimi, sannan ka saya a shagon da ke ba da rasit mai suna da adireshi. Na wata ukun da suka wuce, ka koma inda ka saya ka nemi rasit idan suna da rijistar ciniki. Mai yiwuwa ba duka za a biya ka ba, domin da farashin hukuma ake lissafi ba da na kasuwa ba, amma ka saka shi a cikin buƙatunka. Idan kuma ya bayyana cewa asibitin ne ke wasa da kai tun farko, kana da damar sauya asibitin farko bayan ka yi wata shida da shi, ta hanyar cike fom a ofishin NHIA. Kafin ka zaɓi sabo, ka shiga ɗakin maganinsu ka tambaya ko suna ajiye inhelan rigakafi.

In an amince, ka tambayi iyakar abin da kod ɗin ya ɗauka: ziyara ɗaya ce ko har da komawa, maganin wata ɗaya ne ko na uku. Yawanci kowace komawa sabon kod take buƙata. Inhela mai shaƙa 120 da ake yi biyu safe biyu dare kwana 30 yake yi cif, saboda haka ka rubuta ranar da aka buɗe shi a jikin kwalin, ka je neman na gaba tun saura kwana goma. Ka kuma roƙi ƙwararren ya rubuta a fayil cewa za ta ci gaba da maganin har zuwa ranar da zai sake ganinta, ya sa ranar ta faɗo kafin shigowar hunturu.